Fik yana juyawa a hannuna in ina kaɗa jita: ina gyaran yake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ina koyon jita. Abin da ya dame ni shi ne ɗan robar nan da ake kaɗa tsirkiya da shi, wato fik. Ba na minti biyu ina kiɗa sai ya juya, tsinin ya koma gefe, wani lokaci ma ya suɓuce ya faɗa ramin jitar. Na ƙara matse shi, ba abin da ya sauya sai gajiyar hannu. Fik ɗin ne marar kyau ko riƙona ne? Daga wani mai karatu a Birnin Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da riƙo, don galibi nan gizo ke saƙar, kuma gyaransa ba ya cin ko kwabo.

Duk bugun da ka yi, tsirkiya tana ture tsinin fik. In da kan yatsu biyu ka riƙe shi kamar mai ɗaukar allura, wurin da fata ta taɓa roba ɗan ɗigo ne, sai fik ya riƙa kewaya wannan ɗigon kamar hannun agogo a kan ƙusarsa. Matsi ba ya hana wannan. Abin da ke hana shi faɗin wurin riƙo ne. Lanƙwasa manuniya kamar za ka dunƙule hannu amma a sake, ka ɗora fik a gefen gaɓarta ta ƙarshe, mai farcen nan, sannan ka kwantar da tsokar babban yatsa a kai. Tsokar, ba kan yatsan ba. Tsinin zai leƙo ta gefen babban yatsa yana kallon cikin jita.

To nawa zai leƙo? Milimita 3 zuwa 5 in tsirkiya ɗai-ɗai kake kaɗawa, in kuwa sharar tsirkiyoyi kake yi gaba ɗaya ka ɗan ƙara, amma kada ya wuce tsawon ƙwayar shinkafa. Masu koyo kan bar rabin fik a waje don tsoron kada yatsa ya gogi waya, wato tsirkiyar. Wannan ne babban kuskuren: iya tsawon abin da ya fito, iya ƙarfin da tsirkiya ke samu na murɗa shi.

Sai zurfin bugu. Milimita ɗaya ko biyu na tsinin ya isa ya taɓa tsirkiya. In ka nutsa shi tsakanin wayoyi, musamman wajen dawowa sama, sai ya maƙale, kuma a nan ne yawanci yake tsalle ya bar hannu. Dubi mai shara da tsintsiya: bakin tsintsiyar a baya yake, yana bin hannu. Haka fik zai ɗan kwanta, tsini na biye, in za ka ƙasa da in za ka dawo. Wajen dawowa ba dole ba ne ka bugi duka tsirkiyoyin jita shida, siraran uku ko huɗu na ƙasa sun wadatar. Motsin kuma daga wuyan hannu zai fito, kamar mai yarfe ruwa bayan wanke hannu. In gwiwar hannu kaɗai ke aiki, wuyan hannu ya sandare, duk girgizar a kan yatsu biyun nan take ƙarewa.

Game da matsi, duba farcen babban yatsanka kana cikin kiɗa. In ya yi fari, ka wuce gona da iri. Riƙon da ya dace shi ne wanda wani zai iya zare fik ɗin daga hannunka da ɗan ja kaɗan, amma ba zai faɗi ba in ka yarfa hannu.

Yanzu yanayi, wanda a Kebbi ba abin rainawa ba ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, zufa ta jiƙa yatsu, roba mai sheƙi ta koma kamar sabulu. Ajiye ɗan tsumma a cinya, ka goge hannu da fik ɗin tsakanin waƙa da waƙa, in ya ƙi ka ɗan murza alli a yatsu. Hodar shafawa kuwa a guje ta, santsi take ƙarawa. Da hunturu matsalar ta juye: fata ta bushe ta yi sulɓi, sannan ga basilin ko man kaɗe da aka shafa da safe. Wanke yatsun nan biyu da sabulu kafin ka ɗauki jita, in sun bushe ƙayau ka hura musu iskar baki. Wanda ke kusa da masu goge ko kukuma, ya roƙi ɗan ƙaron da suke goga wa izgar bakansu. Ƙurarsa kaɗan a yatsa tana kama fik sosai, sai dai a goge tsirkiya bayan an gama, don yana tara datti.

Fik ɗin ma yana da nasa laifin. Masu sheƙi da walƙiyar nan da ake haɗowa da sabuwar jita sun fi kowanne santsi. Nemi na nailan mai rubutu ko ɗigo-ɗigo da ya tudu a jikinsa, ko mai dusasshen jiki irin Tortex na kamfanin Dunlop, wanda launinsa ke nuna kaurinsa: ruwan lemo milimita 0.60, rawaya 0.73, kore 0.88, shuɗi 1.0. Ga mai koyo da jitar katako, 0.60 zuwa 0.73 muke ba da shawara, domin yana ɗan lanƙwasa ya shanye turin tsirkiya. Mai kaurin 1.0 zuwa sama ba ya rusunawa, yatsu ne za su karɓi turin gaba ɗaya, sai hannu ya nuna kafin a iya da shi. Akwai kuma babba mai kusurwa uku iri ɗaya. Wannan ko ya juya, wani tsinin ne zai zo gaba.

In wanda ke hannunka za ka gyara, huda tsakiyarsa da abin huda takarda na ofis, rami ɗaya mai faɗin milimita 5 ko 6, yadda fatar yatsun biyu za ta haɗu ta ciki ta hana shi suɓucewa. In ya yi kauri, zafafa ƙusa a wuta ka yi ƙananan huji uku ko huɗu, su sun ma fi hana juyawa. Ko ka ja layuka a giciye da reza a fuska biyu, ko ka goga samfefa a rabin sama kawai. Kada samfefa ta taɓa tsini, in ya yi kaushi zai riƙa kama waya. Filastar ciwo tana aiki na kwana biyu, amma salatif kam a'a: zafi na narkar da gam ɗinsa, ya damalmale hannu da jita.

In ya juya kana tsakiyar waƙa, kada ka tsaya. Tura kafaɗarsa, wato kusurwarsa ta sama, da yatsan tsakiya ya koma daidai, hannu na ci gaba da lilo. A gwada wannan a zaune ba jita, minti biyar kullum, har ya zama jiki.

TAMBAYA: A garinmu ba a cika samun fik ba. Zan iya yanka shi daga tsohon katin banki? Daga wata mai karatu a Zuru.

AMSA: Ƙwarai kuwa, Malama. Kaurin katin banki milimita 0.76 ne, daidai da matsakaicin fik, haka ma babban katin da ake ɓallo layin waya daga jikinsa. Ɗora wani fik a kai ki zana, ki yanka da almakashi mai ƙarfi, ki gyara bakin da samfefa mai laushi har ya daina kama tufa. In katin mai lambobi masu tudu ne, ki daidaita su faɗo inda babban yatsa zai zauna, su ne za su riƙe miki shi. Robar kati tana saurin cinyewa a kan tsirkiyar ƙarfe, don haka ki yanka uku ko huɗu lokaci ɗaya, kati guda yana fitar da su. Ki tabbata katin ya daina aiki, ragowar ɓangaren mai ɗan ƙarfen nan kuma ki daddatsa shi kafin ki zubar.