Launukana sun ƙi narkewa cikin juna

Tambaya: Malam, ina zane da manhajar Krita a kwamfuta, amma duk lokacin da na yi amfani da burushin fentin ruwa, sai launukan su tsaya kowanne da iyakarsa, su ƙi narkewa cikin juna kamar yadda suke yi a takarda. Me zan gyara? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, abu na farko shi ne ki rage kaurin launin, wanda manhajar ke kira Opacity, zuwa kashi 20 ko 30 cikin 100, domin fentin ruwa na gaskiya a hankali ake gina shi, shafe bisa shafe, har launin ƙasa ya riƙa leƙowa ta cikin na sama. Idan kina zana sararin sama da almuru, ki shafa ruwan lemo sau uku a ƙasa, shuɗi sau biyu a sama, ki bar su su haɗu a tsakiya.

Daga nan ki koma kan burushin gauraya na Color Smudge, ki zaɓi yanayin Dulling maimakon Smearing, domin na biyun jan launi yake yi ya bar zirin layi, na farkon kuwa cakuɗa shi yake yi a inda alƙalami ya taɓa. A ganina nan ne mafi yawan masu koyo suke kuskure.

Ki kuma matse tazarar ɗigon burushin, wato nisan da ke tsakanin ɗigo-ɗigon launin da burushin ke jerawa su zama layi, ko da yake matsewa da yawa na nauyaya wa kwamfuta. In allon zanenki yana jin nauyin hannu, ki haɗa kaurin launin da matsin alƙalami, ki sassauta hannu a bakin iyakar launukan biyu.