Shin shayin fada yana kashe ƙwayar mura?

Tambaya: Likita, a fadarmu, wato majalisar hirarmu, da ke unguwar Birni a nan Damagaram gardama ta ƙi ƙarewa. Wasu sun ce koren shayin da muke dafawa kullum yana kashe ƙwayar mura, wai shi ya sa hunturu ba ya kayar da mu. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Ɗan'uwa, maganar tana da tushe, sai dai an zuba mata gishiri.

Baurin nan da ke kama maka harshe a kofin farko, yawancinsa daga wasu sinadarai ne da ake kira katecin, babbansu kuwa EGCG. Shi bairos na mura yana da ƴan ƙayoyi a jikinsa, da su yake maƙale wa ƙwayoyin halittar hanci da maƙogwaro kafin ya kutsa ciki ya hayayyafa. A ɗakin gwaji an ga EGCG yana manne wa ƙayoyin nan, bairos ɗin ya kasa kamawa. Baƙin shayi ma yana da nasa, tiyafilabin, mai aiki kusan haka.

To amma kwalbar gwaji daban, jikin mutum daban. In ka sha shayi, kaɗan ne ƙwarai daga EGCG ke ratsa hanji ya shiga jini, hanta kuma ta yi maza ta sauya shi. Abin da ke isa hancinka bai kai yawan da ake zuba wa bairos a gwaji ba. A Japan an gwada kurkure maƙogwaro da koren shayi, sakamakon bai tsaya wuri ɗaya ba. Inda ya zama magani sosai shi ne a fata: a 2006 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da man shafawa na Veregen, daga koren shayi, don tsiron da bairos na HPV ke fitarwa a al'aura. Ka lura, shafawa ake yi kai tsaye.

Ku ci gaba da shayinku, ruwan zafi yana sanyaya wa mai mura rai. Ni abin da ya fi damuna a fada shi ne kofi guda da ke zagaya baki goma ba a wanke da sabulu ba, ga tulin sukari. Mai ciki da mai ƙarancin jini kuma su ba da tazarar awa ɗaya ko biyu bayan abinci, domin shayi yana rage wa hanji tsotsar sinadarin ƙarfe. In zazzaɓi ya biyo bayan murar, a je a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro.