Amsoshin Tambayoyinku: Auna Fahimta, Boko, da Maɗacin Karatu

Wani malamin Turanci da ke koyarwa a sakandare a Funtuwa ya rubuto yana cewa: "Allah ya gafarta Malam, nakan ba ɗalibaina wani ɗan rubutu na Turanci a kan amfanin karanta littattafai, su karanta, sannan su amsa tambayoyin da ke ƙasansa. Karatun kam suna zuba shi ba gargada, amma da an zo wajen amsa sai a yi cirko-cirko. Mene ne sunan wannan aiki da Hausa? Kuma yaya wanda ya iya karantawa zai kasa amsawa?"

Malam, sunansa auna fahimta. Haka malaman Hausa suke kiransa a aji, haka yake a takardun jarrabawar Hausa, kuma waɗanda suka raɗa sunan sun yi dace, don ba su ce auna karatu ba.

Kalmar karatu a bakin Bahaushe tana da faɗi ƙwarai. Yaron da ke biya allonsa da asuba karatu yake yi. Wanda ya tafi jami'a ya tafi karatu. Wanda ya ɗaga murya yana furta abin da ke cikin jarida shi ma karatu yake yi, ko ya gane abin da ya furta ko bai gane ba. Wannan faɗin ne yake ruɗin iyaye da malamai da yawa. Uba ya ji ɗansa yana rattaba Turanci sai ya ce yaro ya iya karatu, kuma a Hausance bai yi ƙarya ba. Sai dai akwai wata kalmar da ya kamata ya tambaya da ita, wato ji. Mu ba mu cika tambayar baƙo ko yana furta Hausa ba, cewa muke yi, "Kana jin Hausa?" Ɗalibanka suna karanta Turanci, amma ba sa jin Turanci.

Magabatanmu ba su taɓa haɗa matakan nan biyu a kwano ɗaya ba. A makarantar allo yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, ya riƙa haɗa baƙi har ya sauke. Ba wanda ya ce masa ya zama malamin tafsiri don ya yi sauka. Bayan nan ne zai ɗauki littafi ya tafi zauren malam, ya buɗe Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya, yana jan Larabcin gaɓa-gaɓa malam yana fassara masa da Hausa, kalma bayan kalma, shi kuma yana cewa na'am. In malam ya ga alamar an bar shi a baya, sai ya maimaita, ya kawo misali da abin da ɗalibin ya sani a gida ko a kasuwa. Wannan mataki na biyu shi ne ajin Turanci na yau ya watsar. Mun riƙe jan baƙi, mun bar fassara da bayani, har ma a wasu makarantun ana cin tarar yaro in ya yi Hausa a aji. Wannan abu yana ƙona mini rai, domin an hana yaro harshen da yake tunani da shi, sannan an zo ana auna tunaninsa.

Ka lura da hannun ɗalibinka ran da ka ba su aikin. Zai karanta tambaya, ya tsinci kalma ɗaya a cikinta, ya ɗora yatsa a kan rubutun yana bin layi-layi har ya ci karo da kalmar. Daga nan sai ya kwafe jimlar ɗungurungum, daga babban baƙi zuwa aya. Dabarar takan fisshe shi a tambayoyin farko, irin su wane ne, a ina, yaushe. Da an ce ya faɗi dalilin da ya sa marubucin ya kira littafi aboki, ko ya taƙaita sakin layi da kalmominsa, yatsa ba shi da inda zai sauka.

Gwajin da nake ba ka shawara mai sauƙi ne. In sun gama karantawa, ka ce su rufe takardar, ka tashi ɗaya ya ba da labarin abin da ya karanta da Hausa. Wanda ya iya bayarwa ya fahimta, matsalarsa rubuta Turanci ce, maganinta daban. Wanda ya yi shiru kuwa tun asali bai ji ba, kuma ƙara masa tambayoyi ashirin ba zai sa ya ji ba. Kada wani ya tsorata ka da cewa Hausa za ta ɓata musu Turanci. A Ile-Ife, tun daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da wasu yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi kawai, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ma ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a azuzuwan farko. Aiwatarwar ce ta yi ta tafiyar hawainiya.

Sannan ka yi haƙuri in ƙara da wannan. Rubutun da ka ba su yana yabon karanta littattafai ne. Nawa ne a cikinsu suka taɓa karance littafin labari guda, da kowane harshe, don daɗinsa kawai? Wanda bai taɓa raba dare yana son ya ji ƙarshen labari ba, yabon littafi a wurinsa zance ne na wata duniya. Ka fara sa musu labarai a hannu, ko na Hausa ne, kafin ka tambaye su amfanin karatu da Turanci.

*

Wata ɗaliba daga Gusau ta tambaya: littattafai ne daidai ko littafai?

Duka biyun Hausa ce, 'yata. Littattafai ya fi yawa a rubutu. Ki dai kula da baƙaƙen, don ina yawan ganin ana yar da "t" ɗaya a hanya.

*

Wani bawan Allah daga Kaduna ya ce sun yi gardama a majalisarsu. Shi ya ce boko daga kalmar Turanci mai nufin littafi aka samo ta, wadda ake furtawa kamar "buk". Abokinsa ya ce a'a. Suna neman a raba su.

Abokinka ne da gaskiya. Na san inda ka samo taka, don an daɗe ana maimaita ta, har a rubuce-rubucen masana, kuma 'yan jaridar waje sun ƙara yayata ta tun daga 2009 da sunan ƙungiyar nan ya cika kafafen labarai. Amma yawan maimaici ba ya mai da kuskure daidai.

Ka fara da kunnenka. Ka taɓa jin Bahaushe ya nuna littafi ya ce, "Miƙo mini bokon nan"? Ba ka taɓa ji ba, kuma ba za ka ji ba. Muna da littafi tun kafin Bature ya sauka, ba mu da buƙatar aro. Sannan da daga can ta fito, da "buku" za mu ji ko wani abu makamancinsa, don ba abin da zai juya wasalin ya koma "o".

Boko kalma ce ta gida, kuma ma'anarta ta asali ita ce abin da aka yi don rufe ido, na jabu, wanda ba na ainihi ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo ta da wannan ma'ana: yin abu don a ɗauka kayanka sun fi yadda suke kyau ko yawa. Tsofaffi sun san amaryar boko, wadda ake fitowa da ita a idon jama'a ran kai amarya, alhali ta gaskiyar an bi da ita ta wata hanya. Har gobe kuma muna cewa biri-boko ga abin da yake ado ne kawai ba ƙwari. Farfesa Paul Newman ya yi rubutu na musamman a kan wannan a 2013, ya bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya, ya nuna kamannin kalmomin biyu haɗuwa ce kawai ta sauti.

Yadda ta koma sunan karatun zamani kuwa ba ɓoyayye ba ne. Lokacin da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, mutane suna da karatunsu da rubutunsu na ajami. Sai ga wani karatu da ake rubutawa daga hagu, ba ya koyar da salla ko tsarki. Suka ce wannan ai karatun boko ne, wato ba shi ne karatun ba. Sunan ya zauna, zafinsa ya huce da tafiyar zamani, har yau mutum yana bugun ƙirji ya ce shi ɗan boko ne, muna kuma kiran rubutun da nake yi yanzu rubutun boko ba tare da jin komai ba. Abin da ba na so shi ne a ɗauki wannan tarihi a mai da shi hujjar cewa ilimin zamani jabu ne. Asalin kalma yana gaya mana abin da mutanen farko suka ji ne a ransu, ba ya yanke hukunci a kan likitan da ya yi wa mahaifiyarka aiki.

*

Daga Damagaram wani ya ce su lakwal suke ce wa makarantar boko, ko kuskure ne?

Ba kuskure ba ne, Malam. Daga Faransanci take, kuma kun haɗiye ta ne tare da ɗan harafin da Faransawa ke sa wa a gaban suna. Haka kakanninmu suka yi wa Larabci. Alkitab ya zama littafi, alkhabar ya zama labari, al'imam ya zama liman, alwaƙt ya zama lokaci. Wannan "l" ta farko duk ragowar "al" ce. Allo da alƙalami su sun riƙe ta cikakkiya.

Tunda an taɓo nan, kayan karatun namu kowanne da hanyar da ya biyo. Takarda ta bakin Buzaye ta iso mana. Karatu tushensa Larabci ne, amma masanin harsuna Joseph Greenberg ya kawo hujja a 1960 cewa karatu da rubutu ta hannun Barebari suka shigo Hausa, abin da ya dace da yadda almajirai suka daɗe suna cewa za su gabas neman Alƙur'ani.

*

Wata malamar firamare daga Azare ta tambayi bambancin "ya karanta" da "ya karanci".

Ana karanta wasiƙa, ana karanta jarida. Ana karantar fanni ko mutum: ya karanci aikin lauya, na karanci halinsa. Na biyun yana ɗauke da daɗewa da zurfafawa. Masu cewa "na karanci saƙonka" alhali kallo ɗaya suka yi masa a waya, su rage.

*

Wani ɗalibi daga Zariya ya nemi bayanin karin maganar nan: karatu, farkonka maɗaci, ƙarshenka zuma. Ya ce ya ji wasu suna cewa "farkonka ɗaci".

Maɗaci ne, ɗana, kuma masu cewa ɗaci sun rage wa maganar armashi. Maɗaci itace ne, dogo mai inuwa. Ana saro ɓawonsa a jiƙa, ruwan ya yi ja, a ba mai ciwon ciki ya sha yana yamutsa fuska. Wanda ya tsara maganar ya ajiye abu biyu da ake iya gani a kuma sa a baki, ɓawon itace a gefe ɗaya, zuma a ɗayan. In ka ce ɗaci, sai ka ce zaƙi a ƙarshe, maganar ta zama zance na yau da kullum. Sannan ka lura ba a zaɓi abu mai ɗaci kawai ba, an zaɓi wanda ake sha da gangan don magani. Kana kuma jin yadda ake magana da karatun kansa, farkonka, ƙarshenka, kamar ana yi masa kirari. Shi ya sa ta fi daɗi a baki in an faɗe ta da ɗan tsayawa bayan kalmar farko.

Abin da nake ƙi shi ne yadda wasu ke fassara zumar da albashi. Sai ka ji matashi ya ce ya sha maɗacin, ya karɓi takardar shaida, bai ga zuma ba. Ina tausaya masa, rashin aiki ba abin wasa ba ne. Amma an yi maganar nan tun ba a san albashi ba. Zumar da ake nufi ita ce ranar da baƙin da ka sha wuya a kansa ya fara yi maka magana, ka buɗe littafi kai kaɗai ka gane. Wanda ya tara littattafai bai kai nan ba, Alƙur'ani ya riga ya ba da misalinsa a Suratul Jumu'a, aya ta 5, da jaki mai ɗauke da littattafai.

*

Wani dattijo daga Kumasi ya ce ya haura sittin, jikokinsa suna yi masa dariya don ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Yana son karin maganar da zai ba su amsa.

Baba, gemu ba ya hana ilimi. Allah ya ƙara basira, ya sa a gama lafiya.

*

Tambaya ta ƙarshe daga Birnin Kebbi: ɗakin karatu ko laburare?

Ɗakin karatu ya fi mini, kowa zai gane shi ko bai taɓa shiga ba. Laburare ma ta zauna a bakin mutane, ba na hana ta. In a rubutu ne dai a zaɓi ɗaya a tsaya a kansa har ƙarshen shafi.