Keso, Jaka da Dubun da Ta Cika

Tambaya: Malam, kakata takan ce keso biyu ne sadakin kakarta. Ni kuwa tsohuwar tabarma na sani ana kira keso. Me ya haɗa tabarma da sadaki?

Amsa: Gaskiyar kakarka, kai ma gaskiyarka. Zamanin da ake ciniki da wuri, wanda jam'insa ne ya ba mu kalmar kuɗi, a buhun saƙar tabarma ake ɗure shi, kowane buhu wuri 20,000. Sai sunan mazubin ya koma sunan adadin. Ke nan sadakin nan wuri 40,000 ne.

Ina so ka dubi adadin da kyau, don ba da ka aka tsayar da shi ba. Lamba ce cika, ba mara ba. Raba ta biyu, ka sami 10,000. Sake rabawa, 5,000. Sai 2,500, sai 1,250, sai 625. Sau biyar tana rabuwa ba ragowa, sai a 625 ta tsaya, domin nan an zo mara. Shi kuma 625 ba kome a cikinsa sai biyar: 25 sau 25 ne. Wato biyu da biyar kaɗai suka gina keso, kuma biyar-biyar masu ƙirga ke jan wuri da yatsu. Lambobi 30 ne ke raba shi daidai, amma uku ba ta ciki. Mutum uku suka raba keso, wuri biyu zai yi saura.

Wannan 2,500 ɗin ma tana da tarihi. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Keso guda dala takwas ke nan, babu ɗigo.

Irin wannan ya sake faruwa da jaka. Jakar fam 100 ce asalinta, da aka koma naira a 1973 ta zama naira 200. A Nijar kuwa jaka sefa 1,000 ce. Yana ba ni takaici yadda keso ya ɓace daga bakin yaranmu, alhali jaka tana nan daram.

Tambaya: Don me ake cewa dubun ɓarawo ta cika, ba ɗarinsa ba?

Amsa: Daga karin maganar nan ne: rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Dubu a nan ba 1,000 ta lissafi ba ce, iyakar yawa ce a bakin Bahaushe. Ana nufin kwanakin da aka ɗibar masa ya yi ta sha sun ƙare, yau ta mai kaya ce.