Tambaya da Amsa: Baturiya ta yi tuntuɓe, direba ya ce madalla

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ya aiki. Ni ina zaune a Siem Reap ta ƙasar Kambodiya, ina ɗan koyar da Turanci da yamma, yawancin ɗalibaina direbobin tuk-tuk ne, irin adaidaita sahu, masu kai 'yan yawon buɗe ido Angkor Wat, tsohon wurin bautan nan. Satin da ya wuce ɗaya ya shigo aji ransa a ɓace, wai wata baturiya da ya ɗauka ta fito tana ɗingishi ta ce masa "I tripped", wato na yi tuntuɓe, shi ko ya washe baki ya ce "good trip, good trip", matar ta galla masa harara har suka koma otal ba ta sake ce masa uffan ba. Ya nuna min ƙamus ɗin wayarsa, fassarar trip ta farko damnaeu ce, wato tafiya a yarensu na Khmer. Ya zan yi in bayyana musu kalmar nan ba tare da na ƙara rikita su ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi sai da na yi dariya, amma bawan Allah ɗin nan ba shi da laifi, kuma ƙamus ɗin ma bai yi ƙarya ba. Damnaeu daga daeu ta fito, wato tafiya da ƙafa, kamar dai yadda mu muke da tafi da tafiya, kuma ita ce ma'anar trip da direba zai ji sau goma a rana. Inda gizo ke saƙar shi ne wutsiyar kalmar. Baturiyar ta ce tripped, a baki kuwa "tript" ake furta ta, to harshen Khmer ba ya tara baƙi biyu a ƙarshen kalma, sannan fi'ilinsu ba ya sauya kama don an yi abu jiya ko za a yi gobe, don haka wannan 'yar t ɗin kunnensa bai ma san da zamanta ba. Abin mamaki farkon kalmar ba ya ba su wahala ko kaɗan, suna da tr a yarensu, kifi ma trei suke ce masa.

Ni a ganina kar ka ɓata lokaci kana sa su maimaita tript tript, za ka gaji su ma su gaji. Koya musu su saurari abin da ke kewaye da kalmar. In suka ji a, the, my ko our kafinta, tafiya ce. In suka ji I, he ko she kafinta, ko on ko over bayanta, to mutum ya yi tuntuɓe, a yarensu chumpup cheung, kuma wurin da suke aiki tuntuɓe ba ya ƙarewa, matakalar hawa saman Angkor Wat a tsaye take ƙyam, gini ne tun ƙarni na 12 zamanin sarki Suryavarman na 2, ga wani tsohon wurin bautan, Ta Prohm, da saiwoyin itatuwa suka ratsa duwatsu ko'ina. Ka ba su jimla ɗaya tak su haddace, "are you okay", ta wadatar. Kuma don Allah ka ce su riƙa kallon gwiwar fasinja kafin su yi murmushi.

Amma wanda ya fi damuna na kuɗi ne. Round trip. Wannan a yarensu tov mok ne, je-ka-dawo, kishiyarsa one way. Tun da aka buɗe sabon filin jirgin Siem Reap a watan Oktoba na 2023, wanda ya fi kilomita 40 daga gari, direban da ya faɗi farashi bai tantance zuwa kawai ba ne ko zuwa da dawowa, shi da fasinja sai sun yi cacar baki, ɗaya na lissafi da dala ɗaya na lissafi da riel, kuɗin Kambodiya, dala ɗaya wajen riel 4,000. Haka day trip, yawon yini guda ne a dawo a kwana gida, kuma su faɗa tun a bakin otal cewa kuɗin tuk-tuk daban, tikitin shiga Angkor daban, na yini ɗaya dala 37.

Sauran ma'anonin ka wuce su da sauri. In baƙo ya ce wuta ta yi trip a ɗakinsa, makunnin kariya ne ya faɗi saboda an haɗa na'urar sanyaya ɗaki da hita, a je a ɗaga shi. Akwai kuma ta 'yan ƙwaya da ta bazu a shekarun 1960, mutum ya sha abu yana ganin abin da babu, wannan su san ta don su gane irin fasinjan da suka ɗauka da dare, ba don su yi ta faɗa ba.

In ka shiga aji gobe kar ka fara da allo, ka ajiye jaka a ƙasa ka yi kamar ka ci karo da ita, ka dafe gwiwa ka ce I tripped, sannan ka kira mutumin naka ya fito ya amsa.