Amsa: Yaushe ake sa lambar C61 a fayil ɗin majiyyaci?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kina aiki a sashen ajiye fayil na wani asibiti a nan Kano, likita ya rubuta yana zargin kansar furostet (ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) saboda gwajin jini na PSA (sinadarin da furostet ke fitarwa) ya hau, kuma kina tambaya ko ki sa C61, lambar kansar furostet a ICD-10, wato kundin lambobin cututtuka na duniya.

Ki dakata tukuna. PSA yana hawa saboda kumburin furostet na tsufa, wanda lambarsa N40 ce a ICD-10, ko saboda ciwon sanyi a wurin. Ki jira sakamakon naman da aka ɗebo aka duba a ɗakin gwaji. Idan ya nuna kansa ce, sai C61 ta shiga, ki tabbatar an rubuta makin Gleason (ma'aunin tsananin ƙwayoyin kansar) da matakin da cutar ta kai. Idan ta bazu zuwa ƙashi, wanda nan ta fi zuwa, ki ƙara C79.5 bayan C61, kada ki cire ta farkon.

Abin da ya fi damuna shi ne Z85.4, lambar wanda ya taɓa yin cutar aka gama magani. Dattijon da har yanzu ake yi wa allurar rage sinadarin maza don danne ciwon yana nan a C61. In aka mayar da shi tarihi, likitan da zai gan shi gaba zai ɗauka ya warke, lissafin inshora ma ya rikice.

Inda rubutun likita bai fito ba, ki ɗauki fayil ɗin ki same shi ya fayyace, ya sa hannu da kwanan wata.