Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Gwangwani Ke Tasowa, Ƙusa Na Nutsewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a wata firamare a Gwale. Za mu haɗa wa 'yan aji biyar da shida sansanin kwana uku a dogon hutu, amma ba mu da ɗakin gwaje-gwaje. Duk yaron da na tambaya sai ya ce abu mai nauyi ne ke nutsewa. Ta ina zan faro? Malama, daga Gwale.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Wannan amsar tasu za ki fara rushewa, kuma da hannunsu, ba a kan allo ba. Ki cika baho da ruwa, ki ba su ƙatuwar ƙwarya da 'yar ƙaramar ƙusa. Ƙwarya ta fi nauyi, ga ta a sama. Ƙusa na ƙasa. Kada ki yi bayani tukuna. Kawo gwangwanin madara biyu da aka cire wa murfi gaba ɗaya, ki daddake ɗaya da guduma har ya zama faifai. Nauyinsu ɗaya a sikeli, amma dakakken zai nutse.

A nan ne za ki shigo da cushewa, wato nauyin abu idan aka raba shi da girman wurin da ya ci. Ruwa giram 1 ne a kowace mililita, ƙarfe kusan 7.9. Gwangwani mai baki a buɗe ya haɗa da iskar cikinsa, shi ya sa cushewarsa ta faɗo ƙasa da 1, wato ƙasa da ta ruwa, sai ya taso. Ruwa kuwa yana tura abu sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Wannan ita ce ƙa'idar Arkimidis, masanin nan na birnin Sirakus (a Italiya ta yau) da ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ita ke riƙe da kwale-kwale a dam ɗin Tiga.

Aikin da muka fi so a ba shi yini guda shi ne hasashe. Kowace ƙungiya ta auna ruwan da gwangwaninta ke ci da sirinji mai mililita 20, ta ɗora gwangwanin a sikelin kicin, ta debe nauyinsa daga wancan adadi. Misali, idan yana cin mililita 160 kuma nauyinsa giram 25, iyakar kayan da zai ɗauka kusan giram 135 ne. Su rubuta, su ɗora gwangwanin a kan ruwa, sannan su riƙa zuba tsakuwa ɗaya-ɗaya. Yawanci zai nutse kafin a kai adadin, don yara na tara tsakuwar a gefe guda, ya karkata, ruwa ya shiga. A fara shimfiɗa yashi kaɗan a ƙasansa (a auna shi cikin kayan). Bakin gwangwani na yanka, ki naɗe shi da salatif tun da dare.

TAMBAYA: Mun zuba gishiri a ruwa amma ƙwai ya ƙi tasowa. Ina matsalar? Malam, daga Fagge.

AMSA: Malam, ko gishirin ya yi kaɗan, ko ya kwanta a ƙasan kofi bai narke ba. A rabin ledar fiya wata, mililita 250, ka zuba cokalin cin abinci uku, ka juya har ruwan ya washe. Kada ka wuce giram 90. Daga nan ba ya ƙara narkewa. Ka tabbatar ƙwan sabo ne. Tsohon ƙwai yana tasowa ko ba gishiri saboda iskar cikinsa ta ƙaru, abin da masu sayen ƙwan zabi da damina suka daɗe da sani.

TAMBAYA: Ina son jera ruwa kala-kala a kwalba ɗaya, amma kullum sai su cakuɗe. Wata uwa, daga Tarauni.

AMSA: Hajiya, fara da zuma (cushewarta kusan 1.4), sai ruwa, sai man gyaɗa (kusan 0.92). Zumar ta sauka tsakiyar kwalba kada ta shafi gefe. Sauran a tsiyaya su a hankali ta bayan cokali. A rina ruwan da zoɓo marar sukari. Kalanzir ma yana hawa saman man, amma ba ma son sa kusa da yara. Bayan minti biyar a jefa ƙusa, ƙwayar inibi da murfin robar ruwa: ƙusa ta kai ƙasa, inibi ya tsaya kan zuma, murfi ya tsaya tsakanin ruwa da mai. Idan murfin ya ƙi shiga man, iska ce ta maƙale a cikinsa, a saka shi a kaikaice.